Hannun Yayana da Kwanon Wankin Ciwo

Yayana ne ya kawo ni Kano. Ya riga ni zuwa da shekaru, ya samu aiki a wata majemar fata a Challawa, ya yi aure, ya kama haya a Panshekara. Da na gama sakandare a garinmu can ƙasar Jigawa na zauna ba karatu ba sana'a, sai ya aiko a ce in taho. Ya roƙi fomansu aka ɗauke ni cikin leburorin da ba na dindindin ba, irin waɗanda ake iya ce musu gobe kada su zo. Ni baro nake turawa, in kwaso jiƙaƙƙun fatu daga manyan gangunan da ake juya su a ciki in kai wa masu kankara. Shi kuma yana cikin masu kankarar, yana tsaye gaban wani inji mai wuƙa da ke juyawa, yana cire ragowar nama da kitse daga jikin fata.

Wurin ba ya rabo da ruwa. Wuni ake yi famfunan burtsatse suna zuba cikin ganguna, a jiƙa fata, a wanke, a sake wankewa, ruwan ya bi kwata ya fita, wani lokaci shuɗi, wani lokaci baƙi. Har ƙasan da muke takawa kullum a jiƙe yake, sai da takalmin roba.

Wata safiya fata ta zame wa Yaya, bayan hannunsa na hagu ya gogi wuƙar injin. Safar robarsa ta tsage, jini ya fito. Yanka ne daga gindin yatsan tsakiya zuwa wajen ƙaramin yatsa, kuma ba shi da zurfi. Shi kansa dariya ya yi, ya ce a ba shi tsumma ya ɗaure. Foman ya ce a'a, doka ce, sai ya je asibiti. Da yake ina kusa, aka ce in raka shi.

Abin da muke kira asibiti ɗaki ne guda a bakin get. Akwai benci a waje. A ciki gado ɗaya mai shimfiɗar leda, teburi, kabad ɗin magani, da wurin wanke hannu a jikin bango. Ba a kwantar da kowa. Ka zo a duba ka, a ba ka ƙwaya ko a yi maka allura ko a wanke maka ciwo, ka koma bakin aiki. Mai kula da ɗakin wani malamin asibiti ne, magidanci mai ɗan furfura a gemu, kowa Malam yake ce masa.

Mun tarar da mutum biyu a gabanmu. Ɗaya dattijo ne mai gadi, yana da tsohon gyambo a ƙauri. Ɗayan abokin aikin Yaya ne, mutumin Damagaram, ƙarfe ya soke shi a ƙafa. An bar ƙofa a buɗe saboda zafi, don haka duk abin da aka yi a kan idona aka yi shi.

Malam ya kwance bandejin dattijon. Ni da nake wuni cikin warin jima, sai da na kau da kai. Ya ɗauko hantsaki daga cikin wani kwanon silba mai ruwa, ya danƙo auduga, ya goge mugunya, ya jefa audugar cikin wani kwali a ƙasa, ya mayar da hantsakin cikin kwanon. Wayarsa ta yi ƙara. Ya zura hannu aljihu bai cire safar hannunsa ba, ya amsa, ya mayar. Ya ɗaure ƙafar dattijon, ya ce na gaba ya shigo. Da wannan safar da wannan hantsakin ya wanke ƙafar mutumin Damagaram. Sannan ya kira Yaya.

Na leƙa kwanon. Ruwan ya yi duhu, zare-zaren auduga suna yawo a samansa. Ban san aikin asibiti ba, amma ina da ido.

Na ce, "Malam, ku yi haƙuri, ba za a canza safar nan ba? Na ga da ita aka taɓa ƙafar Baba."

Ya ɗago ya dube ni daga sama har ƙasa.

"Kai a wane sashe kake?"

"Baro nake turawa."

"To je ka tura baronka. Akwai magani a ruwan nan, babu abin da ba ya kashewa."

Yaya ya ce da ni ƙasa-ƙasa, "Fita ka jira ni a waje."

Na fita, amma ina jin sanda ya ja numfashi da aka goga masa audugar. A hanyar komawa ya tsaya ya kama kafaɗata da lafiyayyen hannunsa.

"Ni na tsaya maka aka ɗauke ka. Mutumin nan in ya ce wa foman ba ka da lafiyar aiki, ka gama. Ka iya bakinka, ka ji ko?"

Na ce na ji.

Aka ce ya riƙa zuwa wankin ciwo kullum da safe. Yana zuwa, ya zauna a bencin nan tare da dattijon da mutumin Damagaram, su yi ta hira har layi ya zo kansu. Maimakon yankan ya kame, sai bakinsa ya yi ja, ya fara ruwa. Bayan hannun ya kumbura har jijiyoyin suka ɓace. Kaluluwa ta fito masa a hammata. Malam ya ce sinadarin jima ne ya shiga ciwon, ya ba shi ƙwayar rage zafi, ya yi masa allura. Yaya ya ci gaba da zuwa aiki, aka mayar da shi shara tunda ba ya iya riƙe fata. Da yamma in mun dawo sai ya zauna a tabarma ya ɗora hannun a kan matashi, matarsa ta ajiye masa tuwo ya huce a gabansa bai taɓa ba. In na ce mu je babban asibiti, sai ya ce ai ana yi masa magani, kada mu zama marasa godiya.

Wata rana da sassafe matar tasa ta buga ƙofar shagon da nake kwana.

"Taso ka ga yayanka. Jikinsa kamar wuta, ina yi masa magana yana kiran sunan mutanen gida."

Na same shi yana rawar sanyi, haƙoransa na haɗuwa. Na ɗaga bandejin. Yatsu biyu na ƙarshe sun yi baƙi, kuma warin da ya bugi hancina na san inda na taɓa jin sa. Maƙwabcinmu mai adaidaita sahu ya ɗauke mu zuwa wani babban asibiti a cikin gari.

Likitar da ta karɓe mu mace ce, ba ta da yawan magana. Kafin ta taɓa shi ta je ta wanke hannunta da sabulu har wuyan hannu, ta tsane, ta zaro sabuwar safa daga kwali. Ma'aikaciyar jinya ta yage wani ƙunshi a gabanmu, kayan aikin suna ciki a rufe, suna ƙyalli. Ina tsaye ina kallo. Ashe haka ake yi. Ashe ba wani abu ne mai wuya ba.

Ta duba hannun ta daɗe, sannan ta tambaye ni yadda ciwon ya fara da inda ake wanke shi. Na faɗa mata komai, har kwanon silba da wayar.

Ta ce, "Ba zan iya rantsuwa a kan inda ƙwayar cutar ta fito ba, tunda wurin aikinku ma ba tsafta gare shi ba. Amma duk wanda ya wanke gyambo ya koma kan sabon yanka da safa ɗaya da hantsaki ɗaya, to ya ɗauko cuta daga can ya kawo nan. Maganin da ake zubawa a ruwa ba ya aiki in ruwan ya cika da datti. Kayan nan wanke su ake yi a dafa bayan kowane mutum."

Na ce, "Likita, hannun zai tashi?"

"Hannun za mu yi ƙoƙari. Yatsun nan biyu sun riga sun mutu."

Aka cire su. Ya yi makonni a kwance ana yi masa ƙarin ruwa da allurai, matarsa na jinya, ni ina zirga-zirga tsakanin Challawa da cikin gari. A cikin kwanakin ne na ji labarin mutumin Damagaram. Ƙafarsa ta kumbura har ba ya iya sa takalmin roba. Ba shi da kowa a Kano sai 'yan ɗakinsu, su kuma kowa na fita aiki. Suka sa shi a mota ya tafi gida. Na sha tambayar mutanen ƙasarsu da ke aiki tare da mu, babu wanda ya ba ni labari tabbatacce har na bar wurin.

Ranar da na koma aiki sosai, da aka tashi sallar azahar ban nufi masallaci ba, na nufi ɗakin bakin get. Na yi niyyar in faɗa wa Malam maganar da ba zai manta ba. Na same shi shi kaɗai, yana zaune ya haɗa kai da gwiwa. Ya riga ya ji.

Na ce, "An yanke masa yatsu biyu."

Ya ce, "Na sani. Zo ka gani."

Ya murɗa famfon jikin bango. Ko ɗigo. Ya ce tun kafin ya kama aiki bututun ya fashe a ƙarƙashin ƙasa. Ya buɗe ƙasan kabad ya nuna min wata tukunyar ƙarfe mai wayar lantarki, ta dafa kayan aiki, ta yi tsatsa, gizo-gizo ya yi saƙa a murfinta. Ya ɗauko kwalin safa ya girgiza, kusan babu komai a ciki.

"Wannan ake ba ni a ce ya kai ni har a sake sayowa. In na canza wa kowa, kafin mako ya ƙare babu. Na yi magana, na sake yi, har mai kula da sito ya fara ɓuya in ya hango ni. Me kake so in yi?"

Na ji abin da ya faɗa, kuma na san ba ƙarya yake ba. Amma raina bai yi sanyi ba.

Na ce, "Malam, ga masallaci nan a bayan ɗakinku, butoci cike da ruwa. Sabulu ko mai shayin bakin get yana da shi. Risho da tukunya fa? Mai kokon can tana tafasa ruwa tun asuba. Kuma da na yi magana ranar, me ya sa ba ku ce min babu ba? Da kun ce babu, da na ɗauke shi mun tafi wani wuri. Ce min kuka yi in je in tura baro."

Ya mayar da kwalin safar ya rufe kabad ɗin.

Daga nan na nemi ganin manajan ma'aikata. Sai da na yi ta sintiri kafin aka bar ni na shiga. Ofishinsa akwai sanyin na'ura, kuma ta ƙofar banɗakinsa da ke buɗe ina hango famfo da sabulun ruwa da tawul fari. Ya saurare ni yana duba wayarsa.

Ya ce, "Allah ya ba shi lafiya. Ka san komai ƙaddara ce. Abin da aka rubuta wa bawa ba ya wuce shi."

Wannan maganar ta fi ta Malam ƙona min rai. Mu ma Musulmi ne, mun yarda da ƙaddara tun kafin mu san hanyar Challawa. Amma a wannan kamfanin, in aka ga tabo ɗaya a jikin fatar akuya da za a fitar waje, ba a cewa ƙaddara. Tsayar da inji ake yi, a kira foman, a bi sawu har a gano gangar da ta jawo, a hukunta wanda ya yi sakaci. Akwai mutumin da ba shi da aiki sai auna tsaftar ruwan da ake wanke fatun da shi. Fatar dabbar da ta riga ta mutu ake yi wa wannan hidimar.

Na ce, "Ranka ya daɗe, bututun famfon ɗakin can shi ma ƙaddara ce ta hana a gyara shi?"

Ya ajiye wayar, ya tambaye ni sunan fomanmu. Na faɗa masa. Ya ce in tafi, za a duba.

Ba a duba ba, sai da aka ce baƙi za su zo, masu sayen fata daga ƙasar waje, kuma suna son su ga yadda ake kula da ma'aikata. Nan da nan ɗakin bakin get ya sha fenti. Aka kawo bokiti mai famfo aka ɗora a kan sabon teburi a ƙofa, ga sabulu, ga kwandon shara mai murfi, ga wani akwati ruwan ɗorawa na zuba allurar da aka yi amfani da ita. Kwalayen safa har saman kabad. Kwanon silba ya ɓace. Aka ba Malam farar riga sabuwa, har da karin guga. Dattijo mai gyambo kuwa aka ce ya huta a gida ranar. Baƙin suka zo suka leƙa, suka gyaɗa kai, ɗayansu ya murɗa famfon bokitin ruwa ya zubo, ya yi murmushi, suka wuce.

Washegari ina turo baro na hangi masu sito suna kwashe kayan. Bokitin, kwandon, kwalayen safar, har sabulun da aka fara amfani da shi. Na ajiye baron a tsakiyar hanya.

"Ina za ku kai su?"

Ɗayansu ya ce, "Sito. An ce a adana saboda wani zuwan."

Ban san sanda na fara ɗaga murya ba. Mutane suka taru. Wani dattijo a sashen rini, wanda ya fi kowa daɗewa a kamfanin kuma shi ke jan mu sallah, ya zo ya tambayi abin da ake ciki. Na faɗa masa. Ya kalli bokitin a hannun mai sito, sannan ya cire safar aikinsa ya zauna a kan bencin asibitin.

Ya ce, "Ni dai yau ba ni da lafiya. Zan jira a nan har a dawo da kayan duba ni."

Wani ya zauna kusa da shi. Wani ya zauna a ƙasa. Masu kankara, abokan aikin Yaya, suka kashe injinsu suka fito gaba ɗaya. Babu wanda ya yi zagi, babu wanda ya jefi komai. Foman ya zo yana faɗa, ya koma yana lallashi. Fatu kuwa suna cikin ganga, kuma kowa ya san in suka wuce lokacinsu a cikin sinadari sun lalace. Abin da ya fito da manaja daga ofishinsa ke nan. Kafin la'asar bokitin ya dawo kan teburinsa. Cikin satin aka haƙa ƙasa aka canza bututun, aikin da bai ɗauki masu gyaran wuni guda ba. Na tsaya ina kallon su suna mayar da ƙasa, ina tuna yatsun Yaya.

Kamfanin bai bar abin haka ba. Aka sallami Malam, aka ce duk laifinsa ne, aka kawo wata ma'aikaciyar jinya. Ita kam tana wanke hannu, tana dafa kayanta, kuma in safa ta ƙare rufe ɗakin take yi ta je ta zauna a ƙofar sito har a ba ta. Manajan yana nan a kujerarsa. Ni kuma ƙarshen wata foman ya ce min aiki ya yi ƙasa, in jira sai an neme ni. Ba a neme ni ba. Daga baya na samu wani aikin a kamfanin buhu a Sharada.

Da aka sallamo Yaya daga asibiti, sauran yatsun uku sun sandare, ba sa lanƙwasuwa sosai. Ba zai sake riƙe jiƙaƙƙiyar fata a gaban inji ba. Mutanen kamfanin suka ba shi ɗan kuɗin da suka kira sallama, suka ce ya je ya huta. Bai yi faɗa ba, bai kai ƙara ba. Da na ce mu nemi lauya sai ya ce, "Ka bar su da Allah. Kai ma ga shi ka rasa naka saboda ni." Na ce masa ba saboda shi ba ne, amma bai yarda ba.

Muka je gida tare don mahaifiyarmu ta gan shi, don tun yana asibiti take aiko da tambaya ana ɓoye mata. Muka same ta a tsakar gida tana sussukar gero. Ya durƙusa ya gaishe ta, hannun yana cikin aljihun rigarsa. Ta ce ya fito da shi. Ta riƙe shi a tafinta, tana shafa wurin ɗinkin da babban yatsanta.

Can ta ce, "Injin ne ya cinye su?"

Yaya ya ce, "E, Inna, inji ne. Tsautsayi."

Ya waiwayo ya dube ni, irin kallon da ke cewa in yi shiru. Na gane nufinsa. Yana so ta ɗauka abu ne na farat ɗaya, wanda babu mai iya tare shi, don zuciyarta ta fi saurin haƙura.

Na ce, "Inna, ba inji ba ne. Injin ɗan yanka ya yi masa, wanda bai kai na lauje ba. A wurin magani aka sa masa cutar."

Ta saki taɓaryar da ke jingine a kafaɗarta, ta zauna a bakin turmi, ta ce in faɗa mata tun daga farko. Yaya ya tashi ya fita zaure. Ni kuma na zauna a ƙasa a gabanta na faɗa mata duka.